Yadda Za Ka Ci Gajiyar Kuɗin da Gwamnati Ke Kashewa a Kan Koyar da Sana'o'in Zamani

Duk ranar da aka buɗe shafin cike fom na wani shirin gwamnati, shagunan kafe a Kano da Zariya da Gusau sukan cika maƙil. Matasa a layi, takardu a cikin leda, kowa yana tambayar na kusa da shi, "Wai nawa za a riƙa biya a wata?" Ban ga laifin mai tambayar ba, don rayuwa ta yi tsada. Sai dai na daɗe ina taya ƙanne da 'ya'yan maƙwabta cike irin waɗannan fom, kuma abu ɗaya nake gani yana maimaita kansa. Wanda alawus ya kawo shi, kafin wata guda ya daina zuwa. Wanda sana'ar ta kawo shi, shi ne yake fita da abin da zai riƙe kansa. Wannan jagora na rubuta ta ne don wanda yake son shiga sahu na biyu.

Ka fara da sanin cewa kuɗin nan ba sadaka ba ne, ba kuma alfarmar wani ɗan siyasa ba ce. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, tun 1971 aka kafa shi, kuma kamfanoni ne suke zuba masa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biyan ma'aikatansu. Dokar 2007 ta NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, ita ma a lokacin ta ɗora wa wasu manyan kamfanoni, irin su bankuna da kamfanonin waya, harajin kashi 1 cikin 100 na ribarsu don raya fasahar zamani. Wani ɓangaren kuma bashi ne aka ciyo da sunan ƙasa, kamar dala miliyan 200 da Bankin Duniya ya amince da su a 2020 don shirin IDEAS na inganta koyar da sana'o'i. Bashin nan da kai za a biya shi, ko ka amfana ko ba ka amfana ba. Don haka ka nemi gurbinka da ƙwarin gwiwa, ba tare da ka durƙusa wa kowa ba.

Mataki na farko: ka san ƙofofin, don ba iri ɗaya ba ne

Mafi shahara a fannin kwamfuta shi ne 3MTT, shirin da Ma'aikatar Sadarwa da Tattalin Arzikin Zamani ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 a ƙarƙashin minista Bosun Tijani, tare da hukumar NITDA da Kashifu Inuwa Abdullahi yake shugabanta. Manufar shirin ita ce a horar da mutum miliyan 3. An fara da mutum 30,000, sannan zango na biyu aka tsara ɗaukar 270,000. Waɗanda suka nema tun a karon farko sun haura miliyan 1.7, wato gasar ba ƙarama ba ce. Karatun yakan ɗauki kimanin wata uku, yawancinsa a intanet, sannan ana haɗuwa ido da ido a wata cibiya da aka ware maka a jiharka. Ba ka biyan kuɗin karatu. Amma ka riƙe wannan da kyau: 3MTT ba N-Power ba ne, ba a gina shi a kan biyan albashin wata ba.

Ƙofa ta biyu ita ce TVET, shirin koyar da fasaha da sana'o'in hannu na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, wanda minista Tunji Alausa ya ƙaddamar a watan Mayun 2025. Wannan na masu aikin hannu ne: haɗa sola, walda, aikin famfo, gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, kanikanci da mayar da mota ta koma amfani da iskar gas, gyaran waya, ɗinki, kiwo da sauransu. Akwai tsarin wata shida da ake kira Master 6, da na wata goma sha biyu da ake kira Master 12. Kashi 80 cikin 100 na lokacin a bakin aiki ake yin sa, kashi 20 ne kawai a aji. Gwamnati ce take biyan cibiyar da ke koyarwa, kuma an sanar da alawus na naira 22,500 a wata ga ɗalibi. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna ita ce take tantance cibiyoyin.

Akwai kuma shirin SUPA na ITF, wanda aka fara a 2024 don masu sana'ar da suka riga suka iya aiki amma suke buƙatar ƙarin gogewa da takardar shaida. Hukumar samar da aikin yi ta NDE ma tana da ofis a kowace jiha, tana ɗaukar masu koyon sana'a lokaci zuwa lokaci.

Ta ƙarshe ita ce NELFUND, asusun lamunin karatu na ɗalibai, kuma ita bashi ce, kada wani ya ce maka kyauta ce. An sa hannu a dokarta a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafinta a watan Mayu. Ɗalibin jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin ilimi ta gwamnati zai iya nema. Ana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, shi kuma ɗalibi yana iya neman naira 20,000 a wata na kashewa. Babu kuɗin ruwa a ciki, wanda shi ne abin da iyaye da yawa a wajenmu suke fara tambaya, kuma da gaskiyarsu. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Idan kana karanta injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta kuma kuɗin rajista yana neman korar ka daga makaranta, wannan ce ƙofarka.

Mataki na biyu: ka gyara takardunka tun kafin a buɗe shafi

A nan ne mutane da yawa suke faɗuwa ba tare da sun san dalili ba. Lambar NIN ita ce tushen komai. Idan ka manta ta, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi. Lambar BVN kuma *565*0#. Bayan ka samo su, ka zauna ka jera su da takardar makarantarka, ka duba harafi bayan harafi. Muhammad ne a nan, Mohammed a can? Sunan mahaifi ne a tsakiya a wannan, sunan gari a waccan? Ranar haihuwa ɗaya ce? Wani ɗan yayata an zaɓe shi a wani shiri, ya yi wata biyu yana zuwa aji ba fashi, abokansa suna samun alawus shi shiru. Da aka bincika, shekarar haihuwar da ke bankinsa daban da ta katin ɗan ƙasa. Na'ura ba ta san uzuri ba, da ta ga saɓani sai ta ajiye sunan a gefe. Gyaran irin wannan yana cin makonni, shi ya sa nake cewa a yi shi yau, kada a bari sai an buɗe shafi.

Sannan ka mallaki adireshin imel naka na kanka, wanda ka san kalmar sirrinsa, kuma yana buɗe a wayarka. Kada ka bari mai kafe ya saka nasa. Saƙon cewa an ɗauke ka ta nan zai zo, sau da yawa da wa'adin 'yan kwanaki na amsawa. Asusun banki ya zama da sunanka, ba na yayanka ko na mijinki ba. Ka ɗauki hoton takardunka da kyau, a wuri mai haske, ka adana su a waya da kuma cikin imel ɗin.

Mataki na uku: zaɓen fanni

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi ake yi wa gaggawa. Mutum yana zaune gaban mai kafe, layi na jiransa, sai a ce "wanne za a sa maka?" ya ce "sa min wanda ya fi kawo kuɗi." Haka ake zaɓa wa yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba fannin ƙirƙirarriyar basira, ya shiga aji ya ga lissafi da Turanci sun yi masa rubdugu, ya gudu yana cewa shirin ƙarya ne.

3MTT ya fara da fannoni goma sha biyu. Akwai rubuta manhaja, tsara fuskar manhaja yadda za ta yi daɗin amfani, nazarin bayanai, kimiyyar bayanai, gwajin ingancin manhaja, jagorancin haɗa manhaja daga tunani zuwa kasuwa, tsaron intanet, ƙirƙirarriyar basira, kula da rumbunan intanet, sarrafa tura manhaja zuwa ga masu amfani, zanen katun mai motsi, da haɗa wasannin kwamfuta. Kafin ka taɓa ko ɗaya, ka yi wa kanka tambaya uku, ka kuma amsa tsakaninka da Allah.

Ta farko: da wane kayan aiki zan koya? Rubuta manhaja da nazarin bayanai ba sa yiwuwa da waya kaɗai. Za ka iya kallon darasi a waya, amma aikin gwaji sai da kwamfuta. Zanen katun da haɗa wasanni ma sun fi haka, don suna son kwamfuta mai ƙarfi wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu.

Ta biyu: ina Turancina ya tsaya? Ba na faɗin wannan don in karya gwiwar kowa. Darussan da Turanci ake yin su, kuma saƙon kuskuren da kwamfuta za ta nuna maka da Turanci zai fito. Ba sai ka iya zuba shi kamar ɗan jarida ba, amma dole ka iya karanta shafi guda ka gane abin da ake so ka yi. Idan a nan kake da rauni, ka ba shi wata biyu ko uku kafin ka nema. Ba asarar lokaci ba ce.

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci: wa zai biya ni idan na iya? Ka dubi garinku. Makarantun kuɗi nawa ne har yanzu suke haɗa sakamakon jarrabawa da biro? Shagunan magani nawa ne ba su san adadin kayan da ke kan kantarsu ba? 'Yan Kantin Kwari nawa ne suke sayar da atamfa da shadda ta WhatsApp da Instagram ba tare da mai tsara musu hotuna da lissafi ba? Wanda ya iya manhajar lissafi ta Excel sosai, ya iya fitar da rahoto mai tsabta, zai samu mai biyansa a unguwarsu kafin ya fara mafarkin aiki da kamfanin Amurka. Shi ya sa ga mai farawa daga tushe nake fifita nazarin bayanai ko tsara fuskar manhaja ko haɗa shafukan intanet.

Kuma ina so in faɗi wata magana da wasu ba za su so ji ba. Ba kowa ne ya kamata ya nufi kwamfuta ba, kuma wannan ba ƙasƙanci ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, janareto ya zama kayan masu hali. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawa, zuwa naira 225 kowane yunit. A watan Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki a cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Tun daga nan duk wanda ya samu 'yan kuɗi sai ya ce a sa masa sola: masallatai, asibitoci, masu sayar da ƙanƙara, manoman rani da ke son famfon ban ruwa. Masu haɗawa suna da yawa, amma waɗanda suka iya lissafin nauyin wutar gida, suka san girman batir da kaurin wayar da ya dace, ba su da yawa. Yaron da ya koyi wannan a wata shida a ƙarƙashin TVET zai iya riga mai koyon manhaja fara kawo cefane gida.

Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Mataki na huɗu: cike fom, da kaucewa 'yan damfara

Shafin 3MTT yana ƙarƙashin nitda.gov.ng, na TVET yana ƙarƙashin education.gov.ng. Ka kalli ƙarshen adireshin da idonka. Duk mahaɗin da aka turo maka a rukunin WhatsApp, wanda ya ce sai ka tura wa mutum goma kafin ya buɗe, na ɓarayi ne. Ba a sayar da fom, ba a sayar da gurbi. Wanda ya kira ka ya ce shi jami'i ne, ka karanto masa lambar da aka turo maka a waya ko lambobin katin cirar kuɗinka, kashe wayar kawai. Ana buɗe shafukan nan ne zango zango, don haka ka bi shafukan ma'aikatun da na hukumomin da kanka, ka kuma riƙa sauraron rediyo.

Wajen cikewa, ka saka jihar da ƙaramar hukumar da kake zaune a yanzu, domin da ita ake haɗa ka da cibiya. Ɗan Katsina da ke zaune a Kaduna, idan ya rubuta Katsina, can za a tura shi. A TVET kuma ka zaɓi cibiyar da ƙafarka za ta iya kai ka kullum. Idan akwai wurin da aka ce ka bayyana dalilinka na nema, ka rubuta da kalmominka, gajere, ka ambaci abin da ka taɓa yi da abin da kake son yi da sana'ar. Kafin ka danna turawa, ka sake karanta lambar waya da imel. Ka ɗauki hoton shafin ƙarshe.

Mataki na biyar: lissafin abin da gwamnati ba za ta biya ba

Karatu kyauta ne, amma zuwa wurin karatun ba kyauta ba ne. Ka ɗauki takarda ka rubuta kuɗin mota na mako, kuɗin data na wata, kuɗin cajin waya da kwamfuta idan babu wuta. Ka ninka da tsawon shirin. Wannan adadin shi ne ainihin kuɗin makarantarka, kuma gara ka san shi tun yanzu ka nemi mai tallafa maka a cikin dangi, da ka tsaya a tsakiya. Ko a shirin da ke da alawus, kada ka ɗora tafiyarka ta watan farko a kansa. Kuɗin gwamnati yana bin tantancewa, kuma a TVET an ɗaure shi da halartar aji, wanda ake tabbatarwa da na'ura.

Game da kwamfuta, ba sai sabuwa ba. Ta hannu mai ƙwaƙwalwar aiki giga 8 da batir mai rai ta isa yawancin fannonin. Idan za ka saya a titin Beirut ko Farm Centre a Kano, ko wata kasuwa irinsu, ka tafi da wanda ya sani, a kunna ta a gabanka, a cire caja a ga minti nawa za ta yi. Idan babu halin saye, mutum biyu ko uku za su iya karɓa-karɓa da guda ɗaya, ko ka tambayi cibiyarku lokutan da ɗakin kwamfutarsu yake a buɗe. Ka riƙa sauke darussa da dare lokacin da data take da rangwame.

Mataki na shida: ka kai ƙarshe

Mako na farko kowa yana da zafi. A mako na huɗu ake gane masu yi. Darasi ya fara tauri, wuta ta ɗauke, ga biki a dangi, ga abokai suna cewa "har yanzu ba a fara biyan ku ba?" Abin da na ga yana ceton mutane shi ne lokaci tsayayye da abokin tafiya. Ka ware awa biyu kullum, bayan sallar asuba ta fi albarka don gida shiru kuma kai a sake yake. Ka nemi mutum biyu a ajinku da kuke fanni ɗaya, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako kuna duba aikin juna. Kada ka kwafi aikin wani ka miƙa, kada kuma ka sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta yi maka gaba ɗaya. Za ka samu maki, amma ranar da mai aiki ya ajiye maka kwamfuta ya ce "nuna min," babu mai ceton ka. A 3MTT akan yi gasar nuna abin da aka koya, inda masu ƙwazo suka samu kyautar kwamfuta da na'urorin intanet. Ka shiga ko da kana jin kunya.

Ina da magana da iyaye da mazaje a nan. Yawancin karatun 3MTT daga gida ake yin sa, fita sau ɗaya ce ko biyu a mako. Yarinyar da ta gama sakandare tana zaune, ko matar aure mai waya a hannu, za ta iya koyon nazarin bayanai ko zane ba tare da ta bar ɗakinta kullum ba, ta kuma yi aikin daga nan a biya ta. Baba, idan hankalinka bai kwanta da cibiyar ba, ka je da ƙafarka ka gan ta, ka gaisa da malaman, ka haɗa ta da ƙaninta ya riƙa raka ta. Wannan ya fi a ce mata a'a tun daga ƙofa. Asibitocin mata da makarantun 'yan mata suna neman mata masu wannan ilimi, kuma sau da yawa sai an ɗauko daga nesa.

Mataki na bakwai: bayan an ba ka takarda

Takardar shaida ba ta ɗaukar kowa aiki. Abin da ka yi da hannunka shi ne yake magana. Kafin ka gama, ka tabbata kana da ayyuka uku da za ka iya nunawa, kuma su zama na gaske. Ka je Islamiyyar unguwarku ka tsara musu rajistar ɗalibai. Ka haɗa wa shagon kawunka lissafin shiga da fita. Mai sola ya ɗauki hoton duk aikin da ya sa hannu, da bayanin girman gidan da abin da aka saka. Na farko da na biyu ka yi su a sauƙaƙe don a san ka, daga na uku ka fara yanka farashi. Mai manhaja ya ajiye aikinsa a GitHub, shafin da masu manhaja ke baje ayyukansu, kowa kuma ya buɗe LinkedIn, shafin neman aiki, da suna na gaskiya da hoto na kamala.

Masu digiri ko babbar difloma su sa ido a kan shirin NJFP, wanda gwamnatin tarayya take yi da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya da tallafin Tarayyar Turai, inda ake tura matasa kamfanoni su yi shekara guda ana biyan su. Masu aikin hannu kuma su tabbata an yi musu gwajin NSQ, takardar ƙwarewa ta ƙasa mai hawa hawa, domin ita ce kamfanonin gine-gine da 'yan kwangila suke ganewa. Ko wanda ya koyi aikinsa a wajen maigida, irin masu ƙira da walda na kasuwar Panteka a Kaduna, akwai tsarin da NBTE ta yi na gwada abin da ya riga ya iya a ba shi shaida ba tare da ya koma aji daga farko ba. Idan ka fara samun ciniki, ka yi rajistar sunan kasuwancinka a hukumar CAC, ka buɗe asusun banki da sunan, saboda makarantu da ma'aikatu ba sa son tura kuɗin aiki a asusun mutum.

Idan kuma jerin sunaye ya fito babu naka, ka duba akwatin tarkacen imel ɗinka tukuna, don saƙonni da yawa can suke faɗawa. In da gaske ba a ɗauke ka ba, kada ka goge asusunka a shafin, domin akan ɗebo na zango na gaba daga cikin waɗanda suka riga suka yi rajista. Kafin lokacin, ka fara da darussan kwamfuta na kyauta a intanet, irin na freeCodeCamp ko na Cisco, ko ka je wajen mai sola na unguwarku ka ce ya ɗauke ka yaron aiki. Ka leƙa ofishin NDE da na ITF na jiharku ka tambayi ranar da za su ɗauki sababbi, ka bar musu lambar wayarka, ka kuma rubuta ranar da za ka koma ka sake tambaya.